Me ya sa a katun ɗin Japan ake ɗaura wa bishiya igiya, kogi kuma yake zuwa gidan wanka?

Duk wanda ya ɗan daɗe yana kallon anime, wato katun ɗin Japan, akwai abubuwan da idonsa ya saba da su har ya daina tambayar dalili. Za ka ga jar ƙofa tsaye ita kaɗai a bakin daji ko a kan tsauni, ba katanga ba ƙyaure, ka rasa me ake rufewa. Za ka ga ƙatuwar bishiya an ɗaure mata ƙugu da igiya mai kauri, fararen takardu suna reto a jiki. Ga wasu 'yan gumakan dutse masu sanƙo a gefen hanya an rataya musu jan ƙyalle a wuya. Mu nan yawanci ado muke ɗaukarsu, mu ce mai zane ne yake cike gurbi, alhali ɗan Japan yana ganin hoton ya gama karanta saƙon, ya san daga nan an shiga hurumin wasu, ko kuma yaron nan yana cikin haɗari amma da mai tsaronsa a kusa. Abubuwan nan daga addinai biyu suka fito, Shinto da addinin Buddha, kuma in ba ka ɗan san su ba to rabin fim ɗin ya wuce ka ko da kana bin rubutun ƙasa tsaf. Bayani zan yi fa ba wa'azi ba, kowa ya san aƙidarsa, sanin abin da wasu mutane suka yarda da shi daban, yarda da shi daban.

Mu fara da Shinto tunda shi ne ɗan gida. Ba shi da wanda ya kafa shi, ba shi da littafi guda da za a ɗauko a ce ga hukunci, ba ya kuma tsoratar da mutane da ranar hisabi. Tsofaffin labaransa an tattara su ne a littattafai biyu, Kojiki a shekarar 712 da Nihon Shoki a 720, su ma fada ce ta sa aka rubuta don a nuna gidan sarauta jinin Amaterasu ne, wadda a wajensu ita ce mai rana. Abin da ake girmamawa suna ce masa kami, kuma ba ɗaya ba ne, su da kansu cewa suke miliyan takwas, ma'ana dai ba sa ƙirguwa. Tsauni kami ne ko gidan kami, kogi haka, tsohuwar bishiya, dutse mai wata irin siffa, tsawa, kakan da ya mutu tuntuni, har babban mutumin da aka zalunta ya mutu da haushi aka ji tsoron ramuwarsa. Wurin da mutanenmu suke yawan kuskure shi ne su ɗauka kami mahalicci ne mai iko da komai, ko kuma dole na kirki ne. Ina! Yana da unguwarsa, yana da halinsa, yana jin daɗi in an kula shi, yana fushi in an taka shi, a wasu labaran ma mutuwa yake. Wani masaninsu na ƙarni na 18, Motoori Norinaga, bayaninsa shi ne duk abin da ya fita daban har ya cika wa mutum ido da kwarjini, mai kyau ne ko mummuna, ya shiga sahu. Wanda ya san labarin Kano kafin Musulunci ba zai ji abin baƙo can ba, su Barbushe da Tsumburbura a Dala, da tsamiyar da har yau wasu ba sa son zama gindinta da tsakar rana. Su dai Japanawa ba su bar nasu ba, suna da ɗakunan bautar kami wajen dubu 80 a faɗin ƙasar, kuma injiniyan da yake haɗa mota a masana'anta shi ma yana zuwa ranar sabuwar shekara ya rusuna ya tafa hannu sau biyu.

Jar ƙofar nan sunanta torii, aikinta iyaka, nan gefen na mutane, can gefen na kami. Igiyar kuma shimenawa, da karan shinkafa ake tufka ta, duk abin da aka ɗaura wa ita to an ce hattara, da mai shi a ciki. A fim ɗin Spirited Away na darakta Hayao Miyazaki da ya fito a 2001, tun farkon fim da uban Chihiro ya ɓata hanya ya saki kwalta, an nuna wata tsohuwar torii jingine da bishiya, ga wasu ƙananan ɗakunan dutse an tara su a ƙasa wuri ɗaya, yarinyar ta tambaya uwar ta ce mata gidajen kami ne. Sakan kaɗan ne hoton amma ya faɗi abu biyu, an tsallaka iyaka, sannan masu wurin an riga an yi musu rashin kunya, an ture su gefe don a samu filin hanya da gidaje. A My Neighbor Totoro na 1988 kuwa, ƙatuwar bishiyar kafur ɗin da Totoro, wato dodon dajin, yake kwana a cikinta tana da igiyarta a ƙugu, kuma uban yaran, malamin jami'a ne fa, shi da kansa ya kwashe su zuwa gindinta suka rusuna, ya yi godiya ya roƙi a ci gaba da kula masa da 'ya'ya. Irin wannan kurmin da ke kewaye da ɗakin bauta ba a fim kawai yake ba, shi ya sa ko a tsakiyar gonakin shinkafa ko cikin gari za ka hangi dunƙulen manyan itatuwa su kaɗai. A Nara, dajin da ke bayan ɗakin bauta na Kasuga tun shekarar 841 aka hana sara da farauta a cikinsa, barewar garin ma da ke bin 'yan yawon buɗe ido tana ƙwace musu biskit, albarkacin cewa 'yan aiken kami ne take cin wannan gata.

To yanzu ga inda ni nake ganin mabuɗin duka abin yake. Shinto bai damu da maganar zunubi da lada sosai ba, damuwarsa tsabta da dauɗa. Mutuwa, jini, cuta, ruɓa, duk suna shafa wa mutum wata ƙazanta da suke kira kegare, kuma tana kama ka ko ba laifinka, sannan maganinta ba tuba ba ne, wanka ne, da ruwa, da gishiri. Gishirin da 'yan kokawar sumo suke watsawa a fili kafin su kama ke nan. Asalin abin yana cikin Kojiki: Izanagi ya bi matarsa Izanami ƙasar matattu don ya dawo da ita, ta ce masa ya makara ta riga ta ci abincin can, ya kunna wuta ya ga jikinta ya ruɓe, ya ruga da gudu, da ya fito sai ya faɗa kogi yana wanka, a wankan nan ne Amaterasu ta fito daga idonsa na hagu, Tsukuyomi mai wata daga na dama, Susanoo mai hadari daga hanci. 'Yan kallon Naruto sun san sunayen nan duka, su ne aka laƙaba wa dabarun idon 'yan gidan Uchiha, kuma ba banza aka haɗa su da ido ba.

Ka riƙe wannan labarin ka koma Spirited Away. Iyayen Chihiro sun ci abincin da ba nasu ba a ƙasar da ba tasu ba, suka maƙale suka zama aladu. Wurin da ta samu aiki kuma gidan wanka ne, inda kami suke zuwa su huta su wanke gajiya. Wato duk fim ɗin a kan tsarkakewa aka gina shi, amma Miyazaki ya juya abin, ba mutane ne suke wanka don su kusanci kami ba, kami ɗin ne suke buƙatar wanka saboda abin da mutane suka shafa musu. Ka tuna baƙon nan mai wari da ya shigo yana tsiyayar laka kowa yana toshe hanci, aka tura wa Chihiro shi don a ga iyakarta, ta laluba ta ji wani abu a soke a jikinsa, aka ɗaura igiya duk ma'aikata suka ja, sai ga keke, sai ga tarkace iri-iri tuli guda, ashe babban kogi ne mai daraja bola ta rufe shi. Miyazaki ya faɗa cewa shi kansa ya taɓa shiga aikin gayyar share wani kogi suka ciro keke daga cikin laka. Shi kuwa Haku, yaron da yake taimakon Chihiro, shi ma kamin kogi ne, nasa ya fi muni, kogin nasa cike shi aka yi aka gina benaye a kai, shi ya sa ya rasa hanyar gida ya manta sunansa ya zama yaron mayyar da take da gidan wankan. Wanda aka zuba wa shara ana iya wanke shi, wanda aka binne da siminti fa? Fim ɗin ya dawo masa da suna amma bai dawo masa da kogi ba, kuma ban ga an yi ƙoƙarin ɓoye hakan ba. Wannan fim ɗin ne ya ci Oscar a 2003.

Princess Mononoke na 1997 shi ne wanda ya fi zurfi a wannan fannin, kuma shi ne yake ɓata wa masu son a ce musu ga mugu ga nagari rai. Labarin a zamanin Muromachi yake, tsakanin ƙarni na 14 da na 16. Dodon da ya afka wa ƙauyen su Ashitaka, jarumin labarin, a farkon fim ba shaiɗan ba ne, kami ne, gadu ne mai suna Nago mai tsaron wani daji, an harbe shi da harsashin ƙarfe ya zauna masa a jiki, zafi da ƙiyayya suka ruɓar da shi ya koma annoba. Ka lura da abin da tsohuwar ƙauyen ta yi bayan an kashe shi, ba murna ta yi ba, rusunawa ta yi ta ba shi haƙuri ta yi alkawarin za a yi masa kabari a girmama shi. Haka ake yi da kami mai fushi a Japan tun da, lallashi ake, a gina masa ɗaki don ya huce. Shi kuma Ashitaka da ya taɓa shi ƙazantar ta kama masa hannu, yaron da ya ceci mutanensa ne fa, amma dole ya yanke gashi ya bar gari, don ita kegare ba ta tambayar niyya.

Sannan ga Eboshi, matar da take sare dajin tana narka ƙarfe. Da wani darakta ne da an mai da ita azzaluma an huta, amma ita ce take fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a da baki a gari, ita ce take wanke kutare da hannunta ta ba su aikin ƙera bindiga lokacin da kowa yake gudunsu, wato mutanen da wannan tsarin na tsabta da dauɗa ya jefar, ita ta tsince su. Wannan suka ce Miyazaki ya yi wa al'adarsu, kuma a ganina ita ce ta hana fim ɗin zama tallan Shinto. Maƙerar ma ba ƙirƙira ba ce, tatara ake ce mata, an yi ta sosai a yankin Izumo, ana wanke yashi mai ƙarfe daga jikin tsauni a narka da gawayi, hura wuta ɗaya ta kwana uku tana cin gawayi sama da tan 10, ka ƙiyasta itacen da ake sarewa a shekara. Shi kuma babban kamin dajin, mai jikin barewa da fuska kamar ta mutum, ba ya goyon bayan kowa. Inda ya taka ciyawa ta tsiro nan take ta bushe. Ya warkar wa Ashitaka raunin harsashi amma ya bar masa la'anar hannu, ya zare ran Moro kamin kyarkeci da Okkoto kamin gadu waɗanda don shi suke yaƙi. Da aka fille masa kai don wai sarki yana son maganin mutuwa, kuma wani ɗan duniya cikin rigar malaman Buddha ne dillalin cinikin, sai komai ya fara mutuwa, da aka mayar masa da kan ƙasa ta yi kore, amma San, yarinyar da kyarketai suka raina, ta faɗa ƙarara cewa wannan ba dajin da ba ne. Dajin da aka zana ɗin ma an je an kalli na tsibirin Yakushima ne, inda ake da itatuwan sugi masu shekara sama da dubu, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 1993.

Addinin Buddha shi baƙo ne, daga Indiya ya bi ta Sin ya shigo ta Koriya a tsakiyar ƙarni na 6, wasu littattafan su ce 538 wasu 552. An ɗan gwabza a farko tsakanin gidan Soga masu so da gidan Mononobe masu ƙi, daga baya sai aka yi wani irin sulhu da ya kai shekara dubu: aka ce ai kami ɗin nan su ne Buddha suka bayyana da kamannin gida, ana gina ɗakin wannan a harabar wancan. Sai a 1868 gwamnatin Meiji ta ce a raba su da ƙarfin doka, aka farfasa gumaka da ɗakunan Buddha da yawa, aka ɗauki Shinto aka mai da shi kayan aikin gwamnati na bautar sarki har ya raka su yaƙin duniya na biyu, sai da Amurka ta rushe tsarin a ƙarshen 1945. Amma a gidajen mutane rabuwar ba ta kama ba. Jariri ɗakin Shinto ake kai shi, gawa kuma malaman Buddha ne suke mata, tunda Shinto yana ƙyamar mutuwa. Shi ya sa in aka haɗa alƙaluman mabiya addinai da gwamnatinsu take fitarwa sai ka ga sun fi yawan mutanen ƙasar, mutum ɗaya an ƙirga shi nan an ƙirga shi can.

Abin da Buddha ya kawo wa labaransu shi ne tunanin cewa komai mai wucewa ne, kwaɗayi shi ne tushen wahala, kuma rai yana ta zagaye tsakanin haihuwa da mutuwa a duniyoyi shida. Furen sakura da kusan kowane anime sai an zubo shi ranar shiga makaranta ko ranar rabuwa, sati ɗaya zuwa biyu yake yi ya kaɗe, kyansa a gajartarsa yake a wajensu. A Japan ɗin kuma koyarwar ta ɗan sauya ta biyo halin ƙasar, har malaman ɗariƙar Tendai suka riƙa cewa ciyawa da itatuwa da ƙasa su ma suna kaiwa matsayin Buddha, abin da ba haka aka faro da shi a Indiya ba. Gumakan nan masu jan ƙyalle kuwa Jizo ne, mai tsaron yara da matafiya, a imaninsu shi ne yake ɓoye yaran da suka riga iyayensu mutuwa a cikin rigarsa. A Totoro da ruwa ya tare yaran a hanya, rumfar Jizo suka fake har babbar, Satsuki, ta nemi izini, da ƙanwarta Mei ta ɓata kuma aka nuno ta zaune gefen Jizo guda shida a jere, ɗaya ga kowace duniya. Daga nan ne wasu a intanet suka ƙirƙiro cewa wai yaran sun mutu ne Totoro kuma mai ɗaukar rai ne, jita-jitar ta yi ƙarfi har sai da Studio Ghibli, kamfanin da ya yi fim ɗin, suka fito a 2007 suka ƙaryata. Hoton cewa yake yarinyar tana da mai gadi, shi ke nan.

A katun ɗin faɗa abin ya fi fitowa fili amma ya fi zama na ado. Jikin Pain guda shida a Naruto sunayen duniyoyin nan shida ne, ƙaton alƙalin matattu mai teburi da littafi a Dragon Ball Enma ne, harɗe yatsun da ake yi kafin a saki wata dabara daga addu'o'in hannu na malaman Buddha aka aro. Gaskiya yawancin wannan aro ne don abin ya yi armashi, ba wata falsafa, kuma ba laifi ba ne. Inda abin ya yi nauyi shi ne irin No-Face a Spirited Away, wanda ni nake karanta shi a matsayin gaki, fatalwar yunwa ta ɗaya daga duniyoyin shida, mai ci ba ƙoshi. Shiru-shiru ne shi har sai da ya shiga gidan da kowa idonsa na kan zinare, sai ya koyi halinsu ya fi su, yana watsa zinare yana haɗiye ma'aikata, da ya amayar aka kai shi ƙauye gidan tsohuwa aka ba shi zare ya kama kaɗi sai ya natsu. Ba a kashe shi ba, ba a hukunta shi ba, wuri aka canza masa. Isao Takahata kuma a The Tale of the Princess Kaguya na 2013 ya yi abin da ya fi wannan ƙarfin hali. A ƙarshen fim mutanen wata suka sauko a kan gajimare da kiɗa, da mai siffar Buddha a tsakiya, daidai yadda tsofaffin zanen Japan suke nuna wani Buddha mai suna Amida yana zuwa tarbar mai mutuwa ya kai shi inda babu baƙin ciki. Abin da ya kamata ya zama bushara sai ya zama abin tsoro, don yarinyar ba ta so, tana cikin kare duniyar nan da daɗinta da wuyarta aka yafa mata rigar mantuwa, magana ta yanke.

To kar wani ya gama kallon waɗannan ya ce ai Japanawa mutane ne da suke zaune lafiya da daji tun fil azal. Finafinan kuka ne, ba rahoto ba. Miyazaki an haife shi a 1941, ya girma ya ga ƙasarsa tana gudun neman arziki ba waiwaye. A 1956 aka gano cutar Minamata, kamfanin Chisso yana zuba sinadarin makuri a teku, kifi ya ɗauka, kyanwoyi suka fara haukacewa, mutane suka bi, gwamnati ba ta amsa cewa daga masana'antar ba ne sai 1968, kuma Miyazaki ya ce wannan yana cikin abin da ya haifar masa da fim ɗin Nausicaä na 1984, inda dajin da kowa yake ɗauka guba ne ashe shi ne yake tace ƙasar da mutane suka lalata. Ga cutar Itai-itai a Toyama, ga asmar Yokkaichi. Eh, wajen kashi biyu cikin uku na ƙasar daji ne, amma kusan kashi 40 cikin 100 na dajin nan shuka ne, itatuwan sugi da hinoki aka jera bayan yaƙi don katako, yanzu ƙurar furensu ce take sa miliyoyin mutane atishawa duk bazara, kuma a shekarun da suke ta gini katakon Filifin da Indonesiya da Sarawak ta Malesiya suka riƙa kwasowa, nasu yana tsaye na wasu yana faɗuwa. Kai hatta kurmin bautar ma gwamnati ta taɓa cinye shi, daga 1906 aka rufe dubban ƙananan ɗakunan bauta aka haɗe su, aka sayar da itatuwan, wani masanin tsirrai Minakata Kumagusu ya yi ta faɗa da abin har aka tsare shi na 'yan kwanaki. Pom Poko na Takahata a 1994 kai tsaye a kan gina unguwar Tama New Town a gefen Tokyo yake, dabbobin tanuki suka haɗa duk sihirinsu da faretin aljanu don su tsorata 'yan kwangila, mutane suka ɗauka talla ce ta wurin wasan yara, aka ci gaba da aiki. Abin da fim ya iya yi a zahiri ɗan kaɗan ne amma akwai, tun 1990 wata gidauniya mai sunan Totoro take tara kuɗi tana sayen ƙananan filayen daji a tuddan Sayama don kar a gine su.

Sannan girmamawar nan da tsoro a cikinta, don ƙasar tasu motsi take. Darakta Makoto Shinkai ne ya fi taɓa wannan ɓangaren. A tsohon imaninsu wata ƙatuwar tarwaɗa ce a ƙarƙashin ƙasa take kawo girgiza, akwai kuma dutsen da aka danne mata kai da shi a ɗakin bauta na Kashima, har bayan girgizar Edo, wato Tokyo ta yanzu, ta 1855 aka yi ta buga zanen tarwaɗar ana sayarwa. A fim ɗinsa Suzume na 2022 Shinkai ya mai da tarwaɗar wata ƙatuwar tsutsa, dutsen ya zama kyanwa, ƙofofin da bala'in yake fitowa ta ciki kuma duk a wuraren da mutane suka watse suka bari suke, tsohon garin wanka, makarantar da aka rufe, wurin wasan yara da ya mutu, kuma kafin a kulle ƙofa sai an tuna muryoyin waɗanda suka zauna a wurin sannan a mayar wa kami ƙasarsu, ma'ana da ma aro aka yi. Tafiyar yarinyar ta ƙare ne a Tohoku, inda girgiza da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011 ta ci mutum wajen dubu 18, da matattu da waɗanda ba a gani ba.

Wannan maganar aron ƙasa har gobe ana yin ta a zahiri. Kafin a fara gini a Japan, gida ne ko masana'anta, yawanci sai an yi wani biki da ake kira jichinsai, a kafa gora huɗu a kewaye fili, malamin Shinto ya zo da shinkafa da gishiri da giya ya nemi izinin kamin wurin, manyan kamfani suna tsaye cikin kwat. Birnin Tsu ya biya kuɗin irin wannan bikin daga asusun gwamnati a 1965 wajen gina zauren wasanni, wani kansila ya kai ƙara cewa an haɗa addini da mulki, shari'ar ta kai kotun ƙoli, a 1977 ta yanke cewa wannan al'ada ce ta zamantakewa ba ta saɓa wa tsarin mulki ba. Ana gama bikin ake naɗe gorar, washegari katafila ta shigo.